Hannun da Ban Miƙa Ba

Da sunan Allah nake buɗe wannan babi, Shi da ya ja kwanana har na ga an fita da wanda ya kamata ya fita da ni. Ni ban yi boko ba, allon ma iyakacina abin da zan yi salla da shi, saboda haka Hajara jikata ce ke riƙe da biro, ni ke riƙe da magana. Na gaya mata in ta ƙara gishiri ko ta rage, ban yafe ba. Wannan babin naku ne, ku 'ya'yan ɗana na fari. Na san abin da kuke faɗa in kun koma Kano. Kuna cewa tsohuwar nan ta Daura ba ta taɓa son ubanmu ba, bai taɓa jin sunansa a bakinta ba, ya zo mata yana ciwo ta kore shi, ranar da ya rasu ko hawaye ba a gani a idonta ba. A ukun ƙarshen nan ba ƙarya kuka yi ba, duk an yi. Amma wanda ya leƙa ta kafar ƙofa bai ga ɗaki ba. Ku zauna in buɗe muku.

A Sandamu aka haife ni, a gidan da mace ba ta kallon ɗan farinta. Ba ta kiran sunansa, ba ta yi masa wasa, in yana kuka a gaban mutane sai wata ta ɗauke shi. Haka uwata ta yi wa yayana, haka tata uwar ta yi. Ku 'yan yanzu kuna cewa mugunta ce, mu kunya muke ce mata, kuma ita ce adon mace. Da aka kawo ni Daura na haifi ubanku, ranar da aka yaye shi aka miƙa shi ɗakin kakarsa, uwar mijina, can ya girma, katanga ɗaya tsakaninmu. Ni kuwa na riƙe kunyar nan har na wuce kowa. A unguwarmu in za a yi wa yarinya faɗa sai a ce, ki dubi Tabawa, shekara nawa ba wanda ya taɓa kama ta tana duban ɗanta. Ina jin haka ina jin daɗi, ba zan ɓoye muku ba. Abu biyu nake taƙama da su a duniya, kunyata da kaɗina. Zaren da na kaɗa, masaƙa kan gane shi ko a cikin na mata goma, don ba ya kumburi a nan ya tsuke a can. Ko da aka daina saye ma ban bari ba. Kakata ta ce macen kirki ba ta barin a rufe ta da zaren da ba ta san hannun da ya murza shi ba, don haka na ɗauki shekara uku ina kaɗa arafiya, siririn zaren nan mai laushi, daga audugar gonar ƙanena, ina tarawa don likkafanina. Ku riƙe wannan, za mu dawo kansa.

Ubanku ya yi karatu har ya ƙoshi. Larabci ya fara, aka tura shi Masar, can ya haɗa da Ibrananci, harshen Bani Isra'ila na dā. Ya dawo yana koyarwa a jami'a a Kano. Ni ban san me yake koyarwa ba, ban kuma tambaya ba, uwa ba ta bin diddigin ɗan fari. Sai wata rana a wurin suna, mata cike da tsakar gida, Hajiya Kande maƙwabciyarmu ta ɗaga murya yadda kowa zai ji.

"Ke Tabawa, ashe ɗanki har Yahudanci yake ji? An ce littafin da ake karantawa a coci ma yana da shi a ɗaki, na asalin. Kai, boko dai bai bar komai ba!"

Aka yi dariya, wasu suka rufe baki da mayafi. Tuwon sunan nan bai wuce mini ba. Mijin ƙanwata Uwani ya je ya tambayi wani babban malami, malamin ya ce sanin harshen mutane daban, bin addininsu daban. Ni ma na san haka. Mutumin da in ya zo gari shi ne a sahun farko tun kafin a tayar da salla, wa zai gaya mini imaninsa? Ba imaninsa nake tsoro ba. Dariyar matan nan ce ta tsaya mini a wuya kamar ƙashin kifi, ni da ba a taɓa yi wa dariya ba.

Ana cikin bazarar shekarar ya zo. Da hantsi ne, ina zaune a bakin gado, Uwani na ɓarar gyaɗa a ƙofar ɗaki. Ya yi sallama, ya tuɓe takalmi, ya durƙusa a bakin ƙofa inda ya saba durƙusawa tun yana yaro, bai taɓa ƙetare dokin ƙofar nan ba. Ya gaishe ni, na amsa ina duban bango. A da in ya gama gaisuwa sai ya tashi. Ran nan bai tashi ba.

"Inna Uwani," in ji shi, "tambaya na kawo wa Iya, in za ta yarda. Malamai sun yi ta ja-in-ja sun gaji, na ce bari in zo wurin masu abin."

Kun ji bakin ubanku? Ya san inda zai sosa mini. Na ji kaina ya ɗan kumbura, amma ban motsa ba.

Ya ce akwai wata kalma a tsohon harshen nan, kishor. A duk faɗin littafin, mai kauri kamar turmi, sau ɗaya tak ta fito, ba ta da 'yar'uwa a gaba, ba ta da a baya, shi ya sa ba wanda zai rantse a kan ma'anarta. Ya ce a wurin da ta fito ana yabon wata mace ce mai himma, mai tashi tun da duhu-duhu, wadda mutanen gidanta ba sa rasa sutura. Aka ce tana miƙa hannunta ga wannan abu, kishor, tafinta kuma yana riƙe da wani abu na biyu. Na biyun an san shi, mazari ne, don sunansa ya fito a wani wuri, yana kuma da dangi a Larabci. Na farkon ne ya gagara. Wasu malamai sun ce karan da ake naɗa audugar da za a kaɗa ne. Wasu sun ce a'a, gululu ne, dunƙulen yumɓun nan da ke gindin mazari yana ba shi nauyi. Wasu kuma sun ce wani mazari ne babba na tufka zare.

"Kishor?" in ji Uwani. "Wannan ai kamar ana korar akuya daga shanya. Yanzu duk gemun malaman nan, a kan kayan kaɗin mata suke faɗa? Cikinsu akwai wanda ya taɓa shafa alli a yatsa?"

"Ko ɗaya, Inna. Shi ya sa na zo."

Wallahi tun bai rufe baki ba na san amsar. Ba sai an je Masar ba. Duk wadda ta taɓa kaɗi ta san hannu biyu aiki biyu suke yi. Dama tana ƙasa, kusa da jiki, tana murza mazari. Hagu ce ke tafiya, ita ke riƙe da sutu, wato audugar da aka shiɓe aka naɗe a kara, ita ke miƙewa sama tana nisa, zare na fita a tsakani. Wa ke miƙa hannu ga gululu? Gululu ai a jikin mazari yake, wanda ya riƙe ɗaya ya riƙe ɗaya. In dai an ce ta miƙa hannu, to ga karan sutu ta miƙa. Maganar na kan harshena, saura kaɗan in ba Uwani ta ba shi. Sai Shaiɗan ya kawo mini fuskar Kande.

"Uwani," na ce, "tambayi baƙonki, a wane littafi kalmar take?"

Da ya so da ya kewaye, amma ubanku bai iya ƙarya ba. Ya faɗi gaskiya, littafin nan ne da Kande ta yi mini gori a kansa.

"To gaya masa ni Hausa na sani. Ya je ya tambayi masu littafin. Ba da mazarina za a yi wannan karatu ba."

Ya yi 'yar dariya wadda ba ta kai ciki ba, ya ce Allah ya huci zuciyar Iya. Da zai tashi sai da ya dafa dokin ƙofa. Na saci kallonsa ta wutsiyar ido, kamar yadda na saba shekara hamsin da ɗoriya, na ga ƙafafunsa sun kumbura har ya take bayan takalmi. Na gani. Kada wani ya ce muku ban gani ba. Na ce wa zuciyata zaman mota ne.

Bayan mako uku ya dawo. Ina cikin kaɗi na ji sallamarsa a zaure, na yi maza na tura taskirar kayan kaɗin ƙarƙashin gado. Ya durƙusa a wurinsa. Wannan karon ya ce ya bar maganar littafi, ba sai na ce komai ba, shi dai a bar shi ya zauna nan bakin ƙofa ya ga yadda hannu ke yi, ko na ɗan lokaci ne.

"Gaya masa na daina kaɗi, ido ya mutu," na ce wa Uwani. "In kallo yake so, akwai wata tsohuwa a Kongolam can bakin iyaka, Iya Gambo, ya je can."

Uwani ba ta maimaita ba, ta dai zuba mini ido. Shi kuwa yatsuna yake kallo, fari fat da alli. Kuma don kada ya mai da ni maƙaryaciya a gaban ƙanwata, sai ya tafi Kongolam ɗin. Cikin ranar bazara, a bayan ɗan acaɓa, da wannan jiki. Ya tarar an daɗe da ɗauke Iya Gambo zuwa wurin 'yarta a ƙetaren iyaka. Ya dawo gidan abokinsa ya yini yana amai, washegari aka wuce da shi Kano. Ni kuwa na jawo taskirata na ƙarasa zaren likkafanina a makon. Uwani ta kai wa Malam Ɗanjuma, wani tsohon masaƙi a ƙauyen bayan Sandamu, shi kaɗai ya rage mai saƙar hannu a wajen. Ya saƙa, ta kawo mini, fari tas, na zuba masa kanumfari na rufe a adaka. Har na ji na gama shirin duniya.

Ruwan farko ya sauka, aka yi shuka, ba shi ba labarinsa. Wata biyu. Ban tambaya ba. Ina jin waya ta yi ƙara a hannun Uwani sai in kasa kunne, in ta gama in yi kamar ban ji ba. Ran nan sai ga uwarku Binta ita kaɗai, ba ko jaka. Yarinyar da tun da aka kawo ta ba ta taɓa haɗa ido da ni ba, ta shigo har tsakar ɗaki ta zube.

"Iya, yau zan yi rashin kunya, in kin ga dama ki tsine mini."

"Subhanallahi. Me ya yi zafi?"

"Ƙodarsa ce, duka biyun. Shekara guda ke nan ana yi masa wankin ƙoda, ya hana a gaya miki. Yanzu likitoci sun ce saura addu'a. Kuma maganar kalmar nan, Iya, tun bara ya gama rubutunsa a kanta, an buga an wuce wurin. Ba amsa yake nema ba. Cewa ya yi da ni, Binta, ni ban taɓa zama da uwata ba. In na je haka kawai, gaisuwa ce in tashi. Amma in na je da tambaya a kan kaɗi, Iya ba ta iya jin an yi kuskure a kaɗi ta yi shiru. Dare nawa ya yi yana neman abin da zai kawo miki, har ya tuna da wannan."

Mutum ya haye teku ya koyo harshen mutanen da suka shuɗe, ya tono kalma ɗaya da ba ta da kowa, don kawai ya sami abin da zai shimfiɗa ya zauna a ƙofar ɗakin uwarsa. Ni kuma na naɗe tabarmar na tura shi Kongolam.

"Yana ina?" na ce.

"Yana mota a ƙofar gida. Ya ce a kawo shi Daura."

Aka shigo da shi, mutum biyu na riƙe da shi, aka kwantar da shi a ɗakin kakarsa inda ya girma. Na yini ina kai da kawowa a tsakar gida, in ɗauki tsintsiya in ajiye, in buɗe tukunya in rufe. Mata sun fara shigowa dubiya, har da Kande. Da safe na yi wanka, na ɗaura zanena mai kyau, na ɗauki taskirata a gaban idonsu duka, na ratsa tsakar gida na shiga ɗakin. Na ji an yi tsit a bayana. Ban waiwaya ba.

Na zauna a tabarma inda zai gan ni ba sai ya ɗaga kai ba. Binta na gefensa da mafici. Na shafa alli, na ɗauki sutu a hagu, na kafa mazari, na murza. Na miƙa hannun a hankali, sama, sama, har iyakar tsawonsa, yadda ko makaho zai gane.

"Binta," na ce, "gaya wa malaman mijinki, hannun da ke tafiya shi ne mai auduga. Ba a miƙa hannu ga gululu. Kishor ɗinsu karan sutu ne. In sun ƙi, su zo Daura in ba su mazari su gwada, in ga wanda zai fitar da ko abawa mai kauri."

Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi. Da ya lafa ya ce, da wata murya kamar ta cikin rijiya, "Na gaya miki, Binta. Na ce Iya ba za ta bari ba."

Kwana tara na yi ina shiga ɗakin nan, daga hantsi zuwa azahar. Kuna makaranta a Kano lokacin, shi ya sa ba ku sani ba. To amma bakin da ya yi shekara hamsin a rufe ba ya buɗewa rana ɗaya. In na ɗago zan yi masa magana sai harshena ya yi nauyi kamar dutsen niƙa. Sai na sami dabara. Na koma yi wa mazari hira.

"Kai mazari," na ce, "kana tuna shekarar da aka yaye wani yaro a gidan nan? Kana tuna wata mara kunya da take fakewa da shanyar zare a jikin katanga, don akwai wata 'yar kafa da ake hango ɗakin tsohuwa? Kullum zarenta ba ya bushewa, kullum sai ta koma dubawa."

Mafici ya tsaya a hannun Binta. Ni dai ina murzawa.

"Kai mazari, kana tuna farar rigar da yaron ya sa ranar saukarsa ta Alƙur'ani, wadda aka ce kakarsa ce ta yi masa? Tsohuwar da hannunta ke rawa, ina ta ga zare irin wannan? Ni da kai muka san wanda ya kaɗa. Kana tuna ranar da ya faɗo daga bishiyar mangwaro aka shigo da shi jini a goshi, matar nan ta ci gaba da tankaɗe ko ɗagowa ba ta yi ba, aka yi ta yabonta? Da aka watse ta duba, ashe garin duk a ƙasa ta tankaɗe shi, ba a ƙwarya ba."

Haka na yi ta yi. Na gaya wa mazari ranar da jirgi ya tashi da shi zuwa Masar, yadda na yi azumi uku na ce ramuwa ce. Na gaya masa na san ranar da aka haifi kowannenku, na san wanda ya yi ƙyanda da wanda ya karye a hannu. Shi yana kwance, ido a rufe, wani lokaci hawaye na bin gefen kunnensa, Binta na sharewa. Wani lokaci ya gyara mini, ya ce ba mangwaro ba ne, Iya, goba ce. In ce wa mazari, ji mai gardama, a kwance ma bai bari ba.

A rana ta bakwai ya ɗan sami ƙarfi, aka jingina shi da filo. Ya daɗe yana bin hannuna na hagu da ido, yana hawa yana sauka.

"Iya, akwai abin da ban ƙarasa miki ba ran nan. Maganar da ke bin ta kishor a littafin. Cewa aka yi hannun nan dai da take miƙa wa auduga, shi take miƙa wa mabukaci, tafin da ke riƙe mazari shi take buɗe wa wanda ba shi da shi. Can ƙarshe kuma 'ya'yanta suka tashi suna sa mata albarka. Tun ranar da na fara karanta wurin a Masar, ke na gani. Har na ji ƙanshin allinki."

Shi yabo yake yi, Allah ya sani. Ni kuwa kamar an soka mini mazarin a ƙirji. Wane mabukaci ya fi wanda ya zo ƙofata sau biyu da kumburarrun ƙafafu? Na miƙa wa almajiran duniya, na miƙa wa maƙwabta, nawa na cikina ya zo na naɗe hannu. Zaren ya tsinke. Ni da zare ba ya tsinke mini. Na kama bakin biyu ina haɗawa, yatsuna sun ƙi.

"Iya," ya ce, "mazari ya ji nasa, ya gode. Ni fa?"

Binta ta tashi ta fita, ta saki labule. Daga ni sai shi. Ba Kande, ba kowa, ba wanda zai ce Tabawa ta yi rashin kunya. Na buɗe baki. Sunan yana nan, ni na san shi tun kafin liman ya faɗa, a cikina ya kwana wata tara. Na ji shi ya taso har maƙogwaro. Wallahi, jikokina, na yi ƙoƙari. Abin da ya fito shi ne, "Allah ya ba da lafiya." Kuma bango na gaya wa.

Ya ce, "Amin, Iya." Ya yi murmushi, ya rufe ido. Na ce a raina gobe zan faɗa. Gobe ta zo, ya daina gane mutane. Jibi da hantsi, ina tsakiyar murza mazari, Binta ta yi salati.

Kun ce ban yi kuka ba. Ban yi ba. Na tashi na tattara kayana cikin taskira, na ratsa mata suna kururuwa, na shiga ɗakina na rufe. Na ji baffanku a zaure yana cewa a aika kasuwa a yanko farin yadi. Na buɗe adaka. Na fito da likkafanina, shekara uku na kaɗi, na shimfiɗa a gado. Na yanke ɗan abin da ya yi yawa, don na mace ya fi na namiji. Sannan na kifa fuskata a cikinsa, na kira sunan ubanku. Sau ɗaya, da ƙarfi, yadda uwa ke kiran ɗanta ya shigo ya ci abinci. Na yi maza na naɗe ƙyallen a kan sunan don kada ya fita. Na kira Uwani na ce ta kai wa masu wanka, ta ce daga Sandamu kawunsa ya aiko, in ta faɗi gaskiya ban yafe mata nonon da muka sha ba. Har ran nan ma kunyar ba ta sake ni ba, kun gani. Uwani ta riƙe amana har ta koma ga Allah bara. Baffanku ya ce da suna naɗe shi, wani tsoho cikin masu wankan ya shafa ƙyallen ya ce, rabona da ganin irin wannan zare tun ina saurayi.

Ban ce muku al'adarmu banza ce ba. Da ita aka raine ni, da ita na raini wasu, kuma ubanku bai taɓa ɗaga mini murya a kanta ba. Ba ita ta tura shi Kongolam ba. Ni ce, da tsoron dariyar matan da yanzu rabinsu suna ƙasa. Wata uku na bazara da farkon damina, lokacin da yake iya zama, yake iya dariya, yake iya cin tuwo, da na ce masa zauna, da ya zauna. Na sayar da su na sayi kwana tara, biyu daga ciki ma bai san ina wurin ba.

Kalmarsa kuwa ta zauna mini a baki. Ni da ban san alif na boko ba, yau in zan ce a miƙo mini karan sutu sai in ji na ce kishor. Hajara na dariya, wai kakarta ta zama Bayahudiya. Ku bar ni da ita. Ita ma kamar ni take, ita kaɗai a cikin littafi guda, ba wanda ya san abin da ke cikinta sai an zo an tambayi mai kaɗi.

Na daina kaɗi yanzu, idon ya mutu da gaske, ƙaryar da na yi ta kama ni. Malam Ɗanjuma ma ya rasu, an yi itacen wuta da masaƙarsa. Saboda haka ku ji wasiyyata, ke Hajara ki rubuta da kyau. Ɗan ƙyallen da na yanke yana ƙasan adakata, a naɗe cikin tsohon zane. In tawa ta zo, shi za ku ɗaura mini a ka. Sauran ku aika kasuwar Daura a yanko farin yadi, kowane iri ne, kada ku tsaya zaɓe. In an tambaye ku ina likkafanin da Tabawa ta yi shekara uku tana kaɗawa, ku ce yana jikin ɗanta.